Ƙarar da Motar Baba Ke Yi da Sanyin Safiya

Fammar, ƙasar Kibiya,
Jihar Kano.
Litinin, watan Yuni, 2006.

Zuwa ga Yayana Salahuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Halimatu Sa'adiya da yara baki ɗaya. Allah ya tsare ku a wannan gari na Fatakwal da ka ce ruwansa ba ya ɗaukewa, ya sa albarka a aikinka, ya dawo mana da ku lafiya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Ubangiji. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ta tsinci abin da za ta yi faɗa a kansa, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Maiɗakina Lami tana nan ƙalau. 'Yar'uwarmu Barira ta zo mana kwana biyu da jaririnta, yaron ya yi ɓul-ɓul, goshinsa sak na Baba. Damina ta sauka da kyau, gero ya fito, ana ta huɗar gyaɗa.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne motar Baba. Ka tuna da aka raba gado ta faɗo a rabonka, ka bar ta a hannuna ka ce in yi ta hawa, da sharaɗi ɗaya: kada in bari kowane bakanike ya buɗe mata inji, domin Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda an kwance shi ba tun da ya saye ta. Na riƙe wannan sharaɗi. To, tun farkon saukar ruwa take wata ƙara da ta hana ni sukuni. Idan na tashe ta da sanyin safiya, sai in ji ƙyas-ƙyas-ƙyas daga cikin inji, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabci. In na taka totur ƙarar ta ƙara sauri, in na saki ta rage. Da zarar injin ya ɗumama sai ta ɗauke ɗif, motar ta wuni tana tafiya sumul kamar ba ita ba. Washegari kuma ta dawo. Hayaƙi bai canza ba, ba ta zafi, ƙarfinta na nan, baƙin mai bai ragu a geji ba. Ƙarar ce kawai, kuma sai da safe.

Da don ni kaɗai ne, da na kawar da kai. Amma akwai ɗalibaina 'yan mata na nan Fammar da ke rubuta jarrabawar kammala sakandare a Rano. Tun da aka fara maganar hana mata hawa acaɓa a birni, iyaye a nan suka riƙe abin da hannu biyu, suka ce 'ya'yansu ba za su hau bayan babur ba, motar haya kuwa ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Saura kaɗan a ce yaran su haƙura da jarrabawar. Ni na bi gida-gida na yi alkawarin zan riƙa kai su da kaina in dawo da su, Lami na gaba a matsayin uwa. Da haka aka amince. A cikinsu akwai Huseina, yarinyar da ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinta ba, burinta ta yi karatun ungozoma ta dawo garin nan. Ka ga ke nan ƙarar ba ta inji ba ce kaɗai. Duk safiyar da na ji ta, fuskokin yaran nan nake gani a gefen hanya, mota ta mutu, ana can ana raba takardun tambaya.

Na fara kai ta wurin Abdulganiyyu, bakaniken nan na Rano da Baba yake zuwa wurinsa. Matsalar ita ce kafin in isa Rano injin ya ɗumama, ƙara ta ɓace. Ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce shi dai inji yake ji mai lafiya kamar agogo. Ya ce in kwatanta masa. Yaya, ka yi tunanin ƙaninka, malamin kimiyya, tsaye a tsakiyar gareji da babbar riga yana ƙyas-ƙyas da baki, masu gyaran taya na maƙwabta sun bar aikinsu suna kallo. Ya tambaye ni ƙyas-ƙyas ne ko ƙwan-ƙwan, domin na farko wasa ne, na biyu kuwa jana'iza. Na ce na farko, sai kuma na fara kokwanto, don da ya faɗi na biyun sai na ji kamar shi ma na taɓa jin sa. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina: da daddare baƙin mai yana gangarewa ƙasa, da safe kuma ya yi kauri saboda sanyi, sai ya ɗan jima kafin ya hau ya shafa tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke can saman inji, su ne ke ƙara har mai ya iso. Ya ce in yi juye, in sa mai marar kauri da sabuwar filta. Na ma taɓa bar masa ita ta kwana, amma kafin in zo da safe ya riga ya tashe ta don ya ba wata babbar mota hanya, ya ce ƙarar waccan ba ta bar shi ya ji komai ba.

Ka tuna ranar da na kira ka daga wurin mai wayar haya a Rano? Abin da nake son faɗa maka ke nan. Ina cikin yi maka ƙyas-ƙyas layin ya yanke, kai kuma ka sake kira kana tambaya ko lafiya, wai ka ɗauka sanyi ne ya kama ni haƙorana ke haɗuwa. Mutanen da ke jiran layi suka yi ta dariya, na kasa ci gaba. Daga nan na yi dabarar ɗaukar ƙarar a kaset. Na ajiye rediyo a kan inji da asuba, na danna, na tashe ta. Da na kunna wa Abdulganiyyu, abin da ya fito shi ne carar zakaran Iya, da dakan maƙwabta, da muryar Lami tana tambayar inda na ajiye ashana. Ƙarar tana ciki, ni ina jin ta sarai, amma shi ya ce taɓarya yake ji.

Sai na yanke shawarar in kai ta wurin Alu, bakaniken Kibiya, ba tare da na tashe ta ba, don ya ji da kunnensa tana da sanyi. Na je wurin maƙwabcinmu Bappa Ramalan na roƙe shi aron shanun huɗarsa. Ka san abin da ake nufi da a ba ka shanu a tsakiyar huɗa, amma da ya ji don karatun yara ne bai ko yi jinkiri ba. Muka ɗaura sarƙar garma a gaban mota, ya sa wa bijimai karkiya, na shiga na riƙe sitiyari, shi yana gaba yana lallashinsu da Fillanci. Ban taɓa sanin hanyar Kibiya tana da tsawo haka ba. Duk gonar da muka wuce sai an miƙe daga noma an gaishe mu. Wani ya ce Malam ya yi dabara, ya sayi mota mai cin harawa. Wani ya ce in kula da gudu, kada 'yan sanda su tare mu. Bappa kuwa ni kaɗai ya waiwayo ya gaya wa cewa su a wurinsu, saniya in ta yi tari da safe ba a kiran mahauci, ana bin ta a ga yadda take kiwo.

Ba mu isa ba sai da rana ta take, bonet ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Alu ya murɗa makulli, ta yi ƙyas-ƙyas kaɗan, kafin ya zagayo ya sa kunne ta yi shiru. Ya dube ni, ya dubi shanun da ke haki a bakin garejinsa, ya tambaye ni me ya hana in aiko masa kawai ya hau babur ya zo gida da asuba. Wallahi Yaya, wannan tunanin bai taɓa zuwa mini ba. Bappa ya juya baya yana gyara karkiyar da ba ta lalace ba, kafaɗunsa na rawa.

Washegari Alu ya zo bayan sallar asuba. Ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce in tayar. Ya saurari sama, ya saurari ƙasa, fuskarsa ta canza. Ya ce ƙara biyu yake ji. Ta sama ta bawul ce, wato 'yan murafan da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya, ba ta kisa. Amma akwai wata siririya a ƙasa da yake tsoron metal ne, ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya fara cinyewa, in kuwa shi ne, wata rana ina cikin tafiya injin zai buga, ya zama sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce ya tabbata? Ya ce ba zai rantse ba sai ya buɗe, buɗewa kuma da neman kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa a birni zai cinye kwanakin jarrabawar gaba ɗaya. Na gaya masa shawarar Abdulganiyyu ta mai marar kauri, ya kama baki, ya ce tsohon inji kamar tsohon mutum ne, tuwo yake so ba koko ba, mai kauri ne ke riƙe shi. Yana hawa babur ya ƙara mini da wata magana da ta fi duk sauran tsaya mini a rai. Ya ce tsohon injin da ya saba surutu, ranar da ya yi shiru farat ɗaya ranar ce abin tsoro, domin bawul in ya matse ba ya ƙara, ƙonewa yake yi a ɓoye.

Kamar hakan bai isa ba, sai Amiru direban tirela, wanda zai kawo maka wannan takarda, ya saurara shi ma ya ce duk su biyun sun ɓata. Wai bakin salansa ne ya saki inda ya haɗu da inji, iska ke fita ta wurin, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe sai ya toshe kafar da kansa. Abin da ya fi ruɗa ni, Yaya, shi ne duk bayanin nan uku sun dace da abin da nake koyarwa. Ni ne nake tsayawa gaban allo in ce ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, in ce mai yana kauri da sanyi ya tsinke da zafi, in ce abu biyu in suna gugar juna sai ɗaya ya ci ɗaya. Kowa ya yi magana sai in ga shafinsa a littafi. Ashe littafin yana gaya maka abin da zai iya faruwa ne, ba ya gaya maka wanne ne ya faru a ƙofar gidanka.

A cikin gida ma ba a tsaya a magana ɗaya ba. Iya ta ce wannan ƙarar ai tun zamanin Baba take, wai da ita take gane ya dawo daga masallaci yana ɗumama mota, kuma ba ya motsa ta sai ta gama gaisuwarta. Lami kuwa ta rantse ba ta taɓa jin ta ba sai bana, ta kuma tuna mini a ɓoye cewa Iya ba ta jin sallama sai an maimaita. Ni kaina na zauna na yi ta ƙoƙarin tuna safiyoyin da Baba yake kai mu makaranta. Ina tuna ƙanshin kujerun, ina tuna carbinsa a rataye a madubi, ina tuna kai a gaba ni a baya. Ƙarar ce na kasa tunawa. Wani lokaci in ji kamar tana nan, wani lokaci in ce ni nake ƙirƙirarta.

Na ga bai kamata in ɓoye wa iyayen yara ba, sai na je na sami mahaifin Huseina a gona na faɗa masa halin da ake ciki. Ya jingina da fartanyarsa ya saurare ni har na gama. Ya ce shi bai san tafet ba bai san metal ba, alkawari ya sani. Duk safiyar da mota ta tashi da Lami a ciki, 'yarsa za ta fito. Safiyar da ba ta tashi ba, za ta zauna ta taya uwarta aiki, kuma ba zai ga laifina ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida na tabbatar alkawari kaya ne.

Jiya Lahadi, jajiberin takardar farko, na yi abin da da ɗalibi ne ya yi shi a ɗakin gwaji da na ja masa jan layi. Kullum ina gaya musu in za ku gwada abu, ku canza abu ɗaya ku bar sauran, don ku san wanne ya yi aiki. Ni kuwa da safe na je Rano Abdulganiyyu ya yi juye ya sa mai marar kauri da sabuwar filta. Da la'asar Amiru ya biyo, ya ce ba zai tafi kudu ya bar ni haka ba, ya shiga ƙarƙashi da sifana ya ɗaure bakin salansa. Da magariba kuma na fito na tarar Iya ta ɗauko tsohon bargon Baba ta lulluɓe bonet da shi, ta danne gefe da duwatsu, ta ce duk surutunmu na banza ne, sanyi baiwar Allah take ji. Ban hana kowa ba. Mai neman mafita ba ya raina ƙofa.

Yau da asuba yaran suka hallara, kowace da hijabinta da biro a hannu, Lami ta shiga gaba. Na yaye bargo, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Yaya, ta tashi shiru. Babu ƙyas ko ɗaya. Lami ta yi hamdala, yaran suka fara murmushi, ni kuwa maganar Alu ce ta faɗo mini. Shin man ne ya yi aiki, ko salansar, ko bargon? Ko kuwa wannan ne shirun da aka ce in ji tsoro? Iya ta leƙo daga zaure ta tambaya me muke jira ba mu tayar ba. Da aka ce mata ai tana kunne, sai ta matso ta kasa kunne, ta ce wannan ba muryarta ba ce, me muka yi mata. Na fita na ɗaga bonet na rufe, na sake ɗagawa, ban san abin da nake nema ba. Gari yana ta wayewa. Can sai Huseina ta yi magana daga baya a hankali, ta ce ai ni na koya musu cewa in tambaya ta gagare su kuma lokaci na tafiya, kada su zauna suna kallonta, su rubuta abin da suka sani su wuce gaba. Na shiga na sa giya.

Mun tafi a hankali, gilashi a sauke, na hana kowa magana don in ji inji. Mun isa Rano kafin a buɗe ɗakin jarrabawa. Na tsaya ina kallonsu har suka shige. Da yamma na dawo da su, kowace na sauke ta a ƙofar gidansu. Huseina ta ce takardar ta yi daɗi. Motar har yanzu shiru take, kuma ban san ko warkewa ta yi ko ban kwana take yi ba.

Ga abin da na yanke, ina kuma neman ka fahimce ni. Ba zan bari a buɗe injin ba, kamar yadda ka ce. Amma ba zan ajiye ta ba. Zan ci gaba da kai yaran nan har ranar takardar ƙarshe, ko ta yi ƙara ko ta yi shiru. Na san motarka ce, na kuma san ba ƙarfe kake gani a jikinta ba, Baba kake gani. Idan Alu ne mai gaskiya, injin ya buga a hanya, to ni na jawo da sanina, ina roƙonka gafara tun yanzu. Na auna ta kowane gefe, na ga mota ko ta mutu ana iya tashinta wata rana, amma yarinyar da aka ce ta zauna gida bana, ban ga mai sake fito da ita baɗi ba. Ina jin da Baba ne ma da ya murɗa makullin.

Na sa kaset ɗin a cikin ambulan. Don Allah ka sami wuri marar hayaniya ka saurara. Bayan carar zakara ta biyu, kafin Lami ta fara neman ashana, a nan take. Kai ka fi ni daɗewa a kujerar gaba. In muryarta ce ta dā, ka gaya wa Amiru in zai dawo, ko ka kira mai wayar Rano ka bar mini saƙo. In kuma baƙuwa ce, nan ma ka faɗa mini, kada ka rufe don ka kwantar mini da hankali.

Iya tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki ka riƙa cin abinci, ta kuma ce in shaida maka bargon ba zai bar kan motar ba ko mu so ko mu ƙi. Lami tana gaida Halimatu Sa'adiya, ta ce daddawa da kukar da ke hannun Amiru nata ne. Barira da maigidanta suna gaisuwa. Ka shafa mini kan Rahma da Mu'minat, ka ce musu Baffansu yana jiran ganin sakamakon wannan zango. Bappa Ramalan ya ce in gaishe ka da kyau, wai shanunsa suna tambaya yaushe za a sake fita yawo.

Ka sa mu a addu'a, Yaya. Gobe da asuba zan sake yaye bargon in murɗa makulli, kuma har yanzu ban san abin da zan roƙi Allah ba, ta yi ƙarar ko ta yi shirun. Na dai roƙe shi ta kai yaran.

Wassalam. Ni ne ƙaninka mai ƙaunarka,
Munzali.